Talaka Da Mai Ɗaukar Hotonsa: Nazari A Kan Wani Fim Na Ƙasar Chadi

A daminar 2022, sa'anda ruwa ya kwanta a lungunan Diguel har mutane suna naɗe wando kafin su ratsa zuwa kasuwa, waɗansu baƙi suka zo unguwarmu da mota da kyamara. Suka ce suna so su nuna wa mutanen ƙasarsu halin da muke ciki domin a aiko da taimako. Wata maƙwabciyata, gwauruwa mai tuyar ƙosai, da ta ji za a ɗauki hoton 'ya'yanta, sai ta yi maza ta yi masu wanka, ta shafe su da mai, ta sa masu kayan da suke fita unguwa da su. Tafinta ya dube su ya ce, "Iya, a tuɓe masu waɗannan, a mayar masu da na ɗazu." Matar ta yi shiru. Can ta juyo wurina ta ce, "Malam, ashe tsummokaranmu suka zo gani." Ta kama hannun 'ya'yanta ta shige gida. Baƙin kuwa suka matsa gaba, suka ɗauki hoton 'ya'yan wani gidan.

Ban ce baƙin nan mugaye ne ba. Lalle da nufin alheri suka zo. Amma tun daga ran nan tambaya ɗaya take damuna: wace irin magana a kan talauci take sa mai ji ya sāke ra'ayinsa game da talaka, wace iri ce kuma take buɗe aljihunsa kaɗai ta bar zuciyarsa yadda take? Amsar da ta fi gamsar da ni na same ta a wani fim na ɗan ƙasar nan, Mahamat-Saleh Haroun, mai suna "Un homme qui crie" da Faransanci, watau mutum mai kururuwa. Ya fito a 2010. Shi nake so mu duba tare, da ƙarfinsa da kasawarsa. Amma kafin nan, bari mu tuna da irin hoton da aka saba.

Hoton da aka saba

A watan Oktoba na 1984 gidan talabijin na BBC ya nuna yunwar da ta afka wa Korem a ƙasar Habasha. Michael Buerk ne ya ba da labarin, Mohamed Amin ya ɗauki hotunan. Duniya ta girgiza. Mawaƙa suka haɗu, aka yi babban wasan Live Aid a Landan da Filadalfiya ran 13 ga Yuli 1985, aka tara kuɗi mai yawa, aka ceci rayuka. Ba mai musun wannan. Amma a 2002 ƙungiyar VSO ta Ingila ta buga binciken da ya tarar kashi 80 cikin 100 na mutanen Birtaniya, in an ambaci ƙasashe masu tasowa, yunwa da masifa da taimakon Turawa ne suke fara zuwa masu a rai. Shekara 17 bayan wasan, hoton bai gushe ba. Kuɗin ya ƙare, hoton ya zauna.

Dalilin da ya sa masu neman taimako suke son irin hoton nan ba ɓoyayye ba ne. A 2007 waɗansu masana uku a Amurka, Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic, suka buga sakamakon wani gwaji. Sun ba mutane 'yan kuɗi, suka roƙe su su ba da abin da suka ga dama domin masu yunwa a Afirka. Waɗanda aka nuna wa hoton yarinya ɗaya 'yar ƙasar Mali sun ba da wajen ninki biyu na waɗanda aka karanta wa lissafin miliyoyin masu yunwa. Da aka haɗa hoton da lissafin kuwa, sai bayarwa ta ragu. Fuska ɗaya mai ban tausayi ta fi kowane bayani kawo kuɗi. Wanda ya gane wannan, jarabar da ke gabansa ita ce ya ƙara wa fuskar ban tausayi.

Mu a Chadi mun ga inda jarabar nan take kaiwa. Ran 25 ga Oktoba 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna L'Arche de Zoé a Abeshe, suna shirin sa yara 103 a jirgin sama zuwa Faransa. Sun gaya wa iyalan da za su karɓi yaran cewa marayun yaƙin Darfur ne. An naɗa wa waɗansu yaran bandeji, alhali ba rauni a jikinsu. Da aka bincika, sai aka tarar yawancinsu 'yan ƙauyukan Chadi ne na bakin iyaka, iyayensu kuma suna da rai. A watan Disamba kotu a Njamena ta yanke wa mutum 6 ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani, kafin Shugaba Idriss Déby ya yi masu afuwa a watan Maris na 2008. Mai karatu, ka lura da bandejin nan. Tsakaninsa da tsumman da aka nemi maƙwabciyata ta mayar wa 'ya'yanta, bambancin na girma ne kawai. Duka biyu sun fito daga tunani ɗaya, cewa talaka yadda yake bai isa a tausaya masa ba sai an gyara shi.

Labarin Adam

Haroun haifaffen Abeshe ne, a 1961. An harbe shi a yaƙin basasa yana saurayi, aka tsallake da shi kogi zuwa Kamaru, daga baya ya zauna a Faransa. Ya san gudun hijira da jikinsa. Fim ɗinsa ya fito shekara biyu bayan 'yan tawaye sun shigo Njamena a farkon Fabrairu na 2008, lokacin da dubban mutanen birnin nan suka ƙetare zuwa Kuseri da abin da kai zai iya ɗauka.

Labarin na wani dattijo ne mai suna Adam, wanda Youssouf Djaoro ya fito a matsayinsa. Adam ya haura shekara 50. A ƙuruciyarsa shi ne zakaran iyo na tsakiyar Afirka, har yanzu kuma da sunan zakara ake kiransa. Aikinsa lura da tafkin iyo na wani babban otal a Njamena, ɗansa Abdel yana taimakonsa. Sai otal ya koma hannun sababbin masu shi 'yan ƙasar Sin, aka fara rage ma'aikata. Aka sallami David mai dafa abinci, tsohon abokin Adam. Aka ce mutum ɗaya ya isa tafki, aka ba Abdel, aka mai da Adam mai ɗaga sandar ƙofa. A lokaci guda yaƙi yana matsowa, mai unguwa kuma yana matsa wa Adam ya biya gudunmawar yaƙi. Adam ba shi da kuɗi. Mai unguwa ya nuna masa wata hanya: shi ma ɗansa ya bayar. Ran nan sojoji suka zo gida suka tafi da Abdel yana kiran ubansa, uban yana cikin ɗaki bai fito ba. Adam ya koma bakin tafkinsa.

Sauran labarin na nadama ne. Wata yarinya mawaƙiya 'yar Mali, Djénéba, ta zo gidan da cikin Abdel. Adam ya hau babur ɗinsa mai akwati a gefe ya tafi har Abeshe, ya sato ɗansa da ya ji mummunan rauni. Abdel bai kai gida ba. Uban ya sa gawarsa a kogi, ruwa ya tafi da ita.

Yadda fim ɗin ya yi aikinsa

Abu na fari da mai kallo zai lura shi ne, ba yaro mai kumburarren ciki ko ɗaya a fim ɗin nan, ba ƙuda a ido, ba mai miƙa ƙoƙo. Haroun ya fara nuna mana Adam a lokacin da yake da mutunci. Mun gan shi cikin fararen kayan aiki, yana gasar nutso da ɗansa. Mun gan shi da matarsa Mariam suna cin kankana, suna ba juna a baki, labarin yaƙi yana fitowa daga akwati ba su kula ba. Sai da muka san abin da mutumin nan yake da shi kafin aka fara karɓe masa. Hoton neman taimako yakan kama mutum a ranar da ya fi kowace muni, ya yanke jiya, ya yanke gobe, har mai kallo ya ɗauka haka aka haife shi. Haroun ya mayar wa talaka da jiyansa. Wanda ya ga jiyan Adam ba zai iya cewa lalaci ne ya kai shi inda ya kai ba.

Abu na biyu, dubi yadda aka nuna faɗuwar. An ba Adam rigar mai gadin da aka sallama, hannun rigar bai kai wuyan hannunsa ba, wandon ya ɗage. Motoci suna yi masa ƙaho, yana gudu daga wannan sanda zuwa waccan. Sa'an nan kyamara ta tsaya a kan fuskarsa, tana matsowa a hankali, bai ce uffan ba. Ba kiɗan ban tausayi da zai gaya maka lokacin yin kuka. A nan ne sunan fim ɗin ya sami ma'anarsa, gama mutumin da aka ce yana kururuwa shiru yake yi. Haroun ya aro sunan daga Aimé Césaire, marubucin tsibirin Martinik, wanda ya yi gargaɗi kada a mai da wahalar mutum abin kallo. Kowa a Diguel ya san irin shirun nan. Shi ne shirun magidancin da aka sallama daga aiki amma kowace safiya yana wanka ya fita, domin kada maƙwabta su gane.

Abu na uku shi ne ya fi muhimmanci ga zancenmu. A 1991 wani masani a Amurka, Shanto Iyengar, ya buga littafi a kan labarun talabijin. Ya gwada ya tarar in an nuna wa mutane labarin talaka ɗaya tilo, sukan ɗora masa laifin talaucinsa. In kuwa an nuna masu musabbabai, kamar rufe masana'antu da tsadar kaya, sukan ɗora alhakin a kan hukuma da jama'a. Ka ga matsalar ke nan: fuska ɗaya tana kawo kuɗi, amma tana kuma sa a zargi mai fuskar. Bayanin musabbabi yana gyara tunani, amma ba ya motsa zuciya. Gwanintar Haroun ita ce ya saƙa biyun wuri ɗaya. Labarin mutum ɗaya ne, amma kowane mataki na faɗuwarsa yana da hannun da ya tura shi, kuma an nuna hannun: sayar da otal, rage ma'aikata ba tare da wani abin dogaro ba, harajin yaƙi da aka ɗora wa wanda ba ya da hannu a yaƙin. David da aka sallama yana kwance a asibiti, domin mu gane ba Adam kaɗai ba ne.

Duk da haka Haroun bai wanke Adam ba. Wannan ne abu na huɗu. Adam ya yi mugun abu, kuma ba rashin kuɗi kaɗai ya sa shi ba. Akwai kishi, akwai girman kai, akwai son ya koma tafkinsa. Waɗansu za su ce wannan zai rage tausayin mai kallo. Ni a ganina nan ne fim ɗin ya fi girmama talaka. Hoton da aka saba yana son talaka mara laifi kamar jariri, domin jariri ne kaɗai ake ba ba tare da an tambaye shi ra'ayinsa ba. Wanda aka ce ba ya iya yin laifi, an ce ke nan ba ya iya yanke shawara. Adam cikakken mutum ne mai zaɓi, ya zaɓa, ya yi kuskure, ya tuba. Mai kallo ba ya tsayawa a sama yana leƙensa. Tambayar da yake fita da ita ita ce, da ni aka matsa wa haka, me zan yi?

Haroun ya taɓa zancen sadaka ma a wani fim ɗinsa na 2006, "Daratt". A ciki akwai Nassara, mai gidan burodi wanda ya kashe mutum a lokacin yaƙi, kowace safiya yana raba wa yara gutsattsarin burodi a ƙofar gidansa. Ɗan mutumin da ya kashe ya karɓi burodin, ya gatsa, ya tofar. Ba a yi dogon bayani ba, amma mai kallo ya gane cewa bayarwa takan zama mayafin da mai bayarwa yake rufe kansa da shi.

Inda ya gaza

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba in na tsaya a yabo. Na fari, fim ɗin ya nuna hannun da ke kusa, ya bar hannun da ke nesa. Baƙuwar da take shugabancin otal ba ta da zurfi, kusan alama ce kawai, kuma yana da sauƙi mai kallo ya sauke mata dukan laifi ya tafi gida hankali kwance. Amma ƙasar da Adam yake ciki ta fara sayar da man fetur tun 2003, ta bututu mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi a Kamaru. An yi doka cewa yawancin kuɗin zai tafi ga lafiya da ilimi da makamantansu, a kuma ajiye kashi 10 cikin 100 domin 'yan baya. Aka sāke dokar, aka soke ajiyar, aka shigar da tsaro cikin abin da kuɗin zai yi, har Bankin Duniya ya janye hannunsa a 2008. Binciken hukuma na 2018 ya nuna wajen kashi 42 cikin 100 na mutanen Chadi suna cikin talauci. Wanda ya kalli fim ɗin ba zai ji ƙanshin man nan ba ko kaɗan, alhali tambayar da ta fi kowace nauyi a talaucin Chadi ita ce inda kuɗinsa ya tafi.

Na biyu, matan fim ɗin suna gefe. Mariam ta rasa ɗa, amma baƙin cikin mijinta aka bi. A unguwanninmu kuwa mata ne suke ɗauke da gida sa'anda aikin miji ya tsaya. Haroun da kansa ya cike wannan giɓi a 2021 da "Lingui", wanda ya buɗe da wata uwa tana tsage tsohuwar tayar mota, tana zare waya, tana saƙa murhun gawayi ta kai talla. Labarin fim ɗin ya shafi cikin shege da zubar da shi, abin da masu karatu da yawa ba za su yarda da hukuncinsa ba. Amma mintocin farkon nan, na mace tana gumi a kan sana'arta, sun fi takardun neman taimako ɗari faɗin gaskiya.

Na uku, akwai wurin da Adam ya yanke ƙauna daga samun taimako daga sama, fim ɗin kuma bai ba shi amsa ba. Wannan zai yi wa waɗansunmu nauyi. Ni dai na ɗauke shi a matsayin shaida ta gaskiya a kan abin da matsi yake yi wa zuciya, abin da ya kamata mai ziyarar gidajen matalauta ya sani.

Na huɗu shi ne mafi zafi. Su wa suka kalli fim ɗin? An yi shi da kuɗin Faransa da Beljiyam. Ya ci lambar alƙalai a bikin Cannes na 2010, shi ne fim na fari daga Chadi da ya shiga babbar gasar, ya kuma ci lambar azurfa a bikin FESPACO na Wagadugu a 2011. Bayan nasarar Cannes gwamnati ta gyara tsohon gidan sinima na Normandie, aka sāke buɗe shi a 2011. Watau abin da muka gani da ido ya sāke shi ne ra'ayin hukuma game da sinima. Ma'aikacin da aka sallama yana nan inda yake. Tafiyar fim ɗin kuma a hankali take, da shiru mai tsawo irin wanda masu bukukuwan Turai suke so. Matasan da suke taruwa a rumfunan kallo na Diguel sun fi sanin ƙwallon Turai da finafinan Indiya. Magana komai kyaunta, in ba ta kai kunnen waɗanda ake so su sāke ba, ta yi rabin aiki.

Abin da ya rage gare mu

Ba dukanmu za mu yi fim ba, amma dukanmu muna magana a kan matalauta. Muna yi sa'anda muke sanarwar baiko domin gwauraye da marayu, muna yi a wasiƙun da muke aika wa abokai na ƙasashen waje, muna yi da wayar da ke aljihunmu duk lokacin da aka raba buhun hatsi. Ambaliyar 2022 ta taɓa mutum fiye da miliyan 1 a ƙasar nan, ta 2024 kusan miliyan 2, tun Afrilu na 2023 kuma 'yan gudun hijirar Sudan suka yi ta kwararowa ta Adre. Bukata gaskiya ce, dole a faɗe ta, dole a roƙa. Tun 1994 ƙa'idar aikin agaji ta ƙungiyar Red Cross ta ce a nuna waɗanda masifa ta sama a matsayin mutane masu daraja. Rubuta ƙa'ida ba wuya. Haroun ya nuna yadda ake aikata ta: a faɗi abin da mutum yake kafin ya faɗi, a faɗi abin da ya tura shi, a faɗi abin da yake yi da hannunsa domin ya tashi, kada kuma a tsarkake shi har ya daina zama mutum.

Saura abu ɗaya wanda ko Haroun bai cika ba. A 2017 ƙungiyar Save the Children ta buga rahoton yadda ta koma wurin mutanen da ta ɗauki hotunansu a ƙasashe huɗu, har da Nijar, ta tambaye su yadda suka ji. Da yawa suka ce suna so a bar su su faɗi labarinsu da bakinsu. Hausawa sun riga sun faɗa, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Maƙwabciyata tana da labari. Da asuba take tashi ta kai wake niƙa, da cinikin ƙosai take biyan kuɗin makarantar yara uku, ruwan daminar nan kuma ya cinye mata buhun wake ɗaya da ta ci bashi ta saya. Da baƙin nan sun zauna a tabarmarta sun tambaye ta, da sun koma gida da abin da zai sa mutanensu su yi tunani, yaran kuma suna cikin kayansu masu kyau.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka ɗaga waya a kan wanda ya zo karɓar taimako, ko ka miƙe a gaban taro ka ba da labarinsa, ka tambayi kanka ko za ka iya faɗin maganar nan yana zaune yana ji. In za ka ji kunyar idonsa, to, gyara maganar tukuna.